Koyar da Ɗalibai Magana a Gaban Jama'a: Gudummawar Kimiyyar Halittu ga Makarantun Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu a arewacin Jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Tun kafin a ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, garin Gumel ya shahara da makarantu, kuma a cikinsa ne Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa take, inda ake horar da malaman firamare da na ƙaramar sakandare. Yawancin yaran da ke zaune a azuzuwan wannan yanki a yau, aikin da ke jiransu gobe aiki ne na baki. Malamin makaranta da malamin gona da ma'aikaciyar lafiya da ungozoma da limami da ɗan kasuwa, kowannensu zai wayi gari a gaban mutane yana yi musu bayani, kuma amfanin iliminsa zai tsaya ne daidai inda bayaninsa ya tsaya.

Duk da haka, malamai da dama sun san irin ɗalibin da yake rubuta amsa daidai a takarda, amma da zarar an ce ya miƙe ya faɗi amsar nan da baki sai muryarsa ta ɗauki rawa, bakinsa ya bushe, abin da ya sani ya ɓace masa. Akan ce wa irin wannan yaro matsoraci, ko a ce Allah bai ba shi baki ba, sa'an nan a koma kan 'yan tsirarun da suka saba ɗaga hannu. Wannan maƙala za ta nuna cewa abin da ke faruwa da yaron nan aiki ne na gaɓoɓin jiki wanda masana suka daɗe da fahimta, kuma yana raguwa da horo, kamar yadda gajiyar mai koyon noma take raguwa da sabo.

Yadda jiki ke samar da magana

Magana tana farawa ne daga huhu. A ƙarƙashin huhu akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta motsa ƙasa sai iska ta shiga, idan ta saki sai iska ta fita. Lokacin da mutum yake zaune shiru, shaƙar iska da fitar da ita kusan tsawonsu ɗaya ne. Amma lokacin magana tsarin yakan sauya: mutum yakan ja numfashi cikin hanzari, sa'an nan ya riƙa sakin iskar a hankali, domin a kan iskar da ke fita ake ɗora kalmomi. Saboda haka wanda bai iya tattalin numfashinsa ba, jimlarsa takan mutu kafin ta kai ƙarshe.

Iskar da ta taso daga huhu takan bi ta maƙwallato, inda tantani biyu suke fuskantar juna. Idan suka matso kusa, iska takan sa su karkarwa, kuma wannan karkarwa ce asalin murya. Tantanin maƙwallaton babban namiji yakan yi karkarwa kimanin sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa guda, na babbar mace kimanin sau 165 zuwa 255, na ƙananan yara kuwa yakan zarce haka. Dalili shi ne tantanin namiji ya fi tsawo da kauri. Yakan yi wannan girma ne a shekarun balaga, wato daidai lokacin da yaro yake ƙaramar sakandare, shi ya sa muryarsa kan karye ba da saninsa ba, 'yan aji su kwashe da dariya. Malamin da ya bayyana wa aji dalilin haka ya koyar da darasin kimiyya, ya kuma kare mutuncin yaron.

Daga maƙwallato sauti yakan shiga baki da hanci, inda harshe da leɓɓa da haƙora da hanƙa da ganɗa da hanɗa suke sarrafa shi ya zama baƙaƙe da wasula. Ɗaliban da suka yi darasin tsarin sautin Hausa sun san waɗannan gaɓoɓi da sunayensu. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, ma'anar kalma takan sauya da hawan murya ko saukarta. Don haka Bahaushen da ya yi sauri ko ya haɗiye ƙarshen kalmomi yana iya rikita ma'ana gaba ɗaya.

Mai tsara dukkan wannan aiki ita ce ƙwaƙwalwa. A shekarar 1861 wani likita Bafaranshe mai suna Paul Broca ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya rasu, wanda ya yi shekaru yana fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai gaɓar kalma guda. Broca ya tarar da rauni a gaban ƙwaƙwalwar, ta ɓangaren hagu. A 1874 kuma wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya gano wani sashe daban da ya shafi fahimtar magana. Darasin da malami zai ɗauka a nan shi ne, sanin abu da iya furta shi ayyuka biyu ne, kowannensu yana bukatar nasa horon. Rubuta jarrabawa kaɗai ba ya horar da na biyun.

Dalilin rawar murya da bushewar baki

A can cikin ƙwaƙwalwa, a kowane gefe, akwai wani ɗan ƙullin nama da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, wanda masana ke kira amigdala. Yana daga cikin sassan da ke hango haɗari. Idan ya ji alamar barazana, saƙo yakan tafi ta jijiyoyi zuwa wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune bisa ƙoda, su kuwa su zuba wani sinadari mai suna adiranalin a cikin jini. Wani masanin harhaɗa sinadarai ɗan ƙasar Japan, Jokichi Takamine, shi ne ya tace wannan sinadari a 1901. A 1915 kuma Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana cewa manufar wannan shiri ita ce a tanadi jiki domin faɗa ko gudu.

Da wannan bayani kowace alama ta mai fargabar magana tana da dalilinta. Zuciya takan ƙara bugawa don jini ya isa ga tsokoki. Numfashi yakan zama gajere, daga saman ƙirji, shi ya sa jimla ke yankewa. Aikin narkar da abinci yakan lafa, yawu ya ragu ya yi kauri, baki ya bushe, ciki ya riƙa juyawa. Tsokoki sukan ɗaure, har da 'yan ƙananan tsokokin maƙwallato, sai murya ta yi rawa ko ta siranta. Tafin hannu yakan yi gumi. Wannan shiri yana da amfani ga makiyayin da ya yi kiciɓis da maciji a daji, amma jiki ba ya bambance maciji da idanun 'yan aji sittin.

Masana sun tabbatar da ƙarfin wannan fargaba, har ma suka mayar da ita ma'auni. A 1993 Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa a Jami'ar Trier ta ƙasar Jamus suka wallafa wata hanyar gwaji. Akan sa mutum ya yi jawabi na minti biyar a gaban wasu alƙalai da ba sa murmushi, sa'an nan ya yi lissafin ka na wasu minti biyar. A jikin yawancin mutane, wani sinadarin damuwa mai suna kotizol yakan ninka sau biyu ko fiye. Waɗannan kuwa manya ne masu ƙoshin lafiya. Abin da ya fi muhimmanci ga malami shi ne, da aka riƙa maimaita gwajin ga mutane ɗaya, sai aka ga hauhawar kotizol tana raguwa a jikin mafi yawansu. Wato jiki yana koyon cewa wurin nan ba shi da haɗari.

Saura batun mantuwa. Adadin abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda kaɗan ne. George Miller ya ƙiyasta su da kimanin bakwai a 1956, Nelson Cowan kuma ya nuna a 2001 cewa sun fi kusa da huɗu. Idan tunanin dariyar 'yan aji da tsoron bulalar malam suka cinye rabin wannan ɗan wuri, me ya rage wa darasin? Ilimin yana nan a ƙwaƙwalwar yaro, hanyar fito da shi ce ta cushe.

Ba a bukatar fargaba ta gushe ɗungurungum. Tun 1908 Robert Yerkes da John Dodson suka yi gwaji da ɓeraye, wanda daga baya masana suka gina ƙa'ida a kansa cewa matsakaicin zumuɗi yana kyautata aiki, mai yawa kuwa yana ɓata shi, musamman idan aikin mai wuya ne. Manufar horo ita ce a sauko da fargaba zuwa matsayin da za ta zama kuzari.

Jarin da al'umma ta riga ta tanada

Ƙasar Gumel ba baƙuwar fasahar baki ba ce. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari, wadda ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, takan cika da raƙuma da shanu da dawaki da tumaki, kuma ciniki mai yawa yakan ƙullu ta bakin dillalai, tsakanin Hausawa da Fulani da Barebari da Buzaye. Dillali ya san lokacin ɗaga murya da lokacin sassauta ta, ya san yadda ake karanta fuskar mai saye. A fada akwai masu shela da maroƙa, a wajen biki akwai sanƙira. Babu ɗayansu da aka haifa da iyawa, kowa ya koya ne ta bin na gaba da shi shekara da shekaru.

A tsangaya da makarantun Islamiyya, yaro yakan biya allonsa da ƙarfi, ya kawo hadda a gaban malam, a gyara masa mafitar kowane harafi da wurin tsayawa. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Sakkwato, wato Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanzu, ta faro a 1986, ta sa yara maza da mata suna zama a gaban alƙalai da ɗimbin jama'a tun daga matakin ƙaramar hukuma. A gida kuma akwai tatsuniya da kacici-kacici da wasannin karya harshe. Saboda haka yaron da ya shigo aji ya zo da guzurin numfashi da furuci da hadda. Abin da ya rage wa makaranta ta ƙara masa shi ne iya tsara tunaninsa da kalmominsa na kansa, da amsa tambayar da bai shirya mata ba.

Wajibi ne kuma a kula da kunya. A tarbiyyar Bahaushe yaro ba ya ƙura wa babba ido, ba ya ɗaga masa murya. Littattafan koyar da jawabi na Turawa kuwa sukan nace a kan haɗa ido da masu sauraro. Malamin da ya tilasta wa yarinya ta ƙura wa shugaban makaranta ido ya haɗa ta faɗa da tarbiyyar gidansu, ya kuma ƙara mata fargaba. Ya wadatar a koya mata ta ɗaga kai don murya ta fita, ta riƙa kai dubanta ga sassan aji uku, dama da tsakiya da hagu. Gaisuwa da neman izini kafin a fara magana suna da wani amfanin ma: kalmomi ne da yaro ya saba da su, suna ba shi 'yan daƙiƙoƙin da numfashinsa zai daidaita.

Harshen da ya kamata a fara da shi

Ɗalibin da aka ce ya yi bayanin kimiyya da Turanci a gaban aji an ɗora masa kaya uku a lokaci guda: darasin kansa, da baƙon harshe, da idanun jama'a. An riga an ga cewa wurin ɗaukar kaya a ka ƙanƙane ne. Hikima ita ce a riƙa ɗora kayan ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya fara bayanin da Hausa har ya mallaki tsarin maganarsa, sa'an nan ya sake yin wannan bayani da Turanci.

Akwai hujja a kan haka daga cikin Nijeriya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi guda. Sakamakon ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, har ma sun fi su a fannoni da dama. Turanci dole ne ga mai neman cin jarrabawar kammala sakandare, amma ma'aikacin lafiyar da zai yi wa matan ƙauyen Gagarawa bayanin allurar rigakafi da Hausa zai yi. Ɗalibi yana bukatar duka biyun.

Matakan horarwa

Tun da jiki da sabo yake koyo, horo ya zama hawa-hawa, kuma a kai a kai. Ga tsarin da kowane malami zai iya bi ba tare da sayen komai ba.

Mataki na farko shi ne magana tsakanin mutum biyu. Bayan malam ya yi bayani, kowane ɗalibi ya juya ga na kusa da shi ya maimaita abin da ya fahimta cikin minti guda, sa'an nan su yi musanya. Ta haka aji duka ya yi magana, babu wanda aka zuba wa ido.

Mataki na biyu, rukuni na mutum biyar ko shida, mai magana yana zaune. Mataki na uku, ya miƙe tsaye a wurin zamansa ya faɗi jimla biyu ko uku ga aji. Mataki na huɗu, ya fito gaban allo tare da abokinsa, su raba bayanin. Mataki na biyar, ya fito shi kaɗai na minti biyu. Sai bayan waɗannan ne za a kai shi taron safe na makaranta, ko ƙungiyar muhawara, ko gasar ƙungiyoyin kimiyya na JETS. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsallake matakai huɗu a jefa yaro na biyar, in ya kasa a yi masa dariya, amigdalarsa ta riƙe cewa gaban allo wurin wulaƙanci ne.

Malamai sukan yi kukan ƙarancin lokaci, amma lissafi ya nuna abin mai yiwuwa ne. Idan aji yana da ɗalibai 60, aka ba mutum uku minti biyu-biyu a kowane darasi, minti shida ke nan, kuma cikin darussa 20 kowa ya samu zagayensa. Idan ana yin darasin sau uku a mako, ba za a wuce mako bakwai ba.

Akwai kuma wata dabara da ta shafi malamin kansa. A farkon shekarun 1970 wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin malamai a faifai ta auna tsawon jiran da suke yi bayan sun yi tambaya. Ta tarar da cewa yawanci bai wuce daƙiƙa guda ba. Da aka horar da su suka riƙa jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana a da suka fara sa baki. Shirun daƙiƙa uku ba ya cin ko kwabo.

Kafin ɗalibi ya fito, a koya masa ya ja numfashi ta hanci har cikinsa ya taso, ya sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, sau uku ko huɗu. Dogon fitar da numfashi yana ƙarfafa aikin jijiyar da ke rage bugun zuciya. A kuma hana shi haddace jawabi kalma da kalma, domin in kalma ɗaya ta ɓace sauran sukan bi ta. Ya riƙe 'yar takarda mai kanun magana uku kawai, ya yi bita da ƙarfi a gida, a gaban ƙannensa ko mahaifiyarsa. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa ƙoƙarin tuno abu daga ka ya fi maimaita karanta shi sa ilimi ya daɗe. Ashe ɗalibin da ke bitar jawabinsa karatun jarrabawa ma yake yi.

Misali daga gonakin yankin

Maudu'in farko ya zama abin da yaro ya fi malaminsa sani, ko aƙalla abin da yake gani kullum. A ɗauki itacen gawo, wanda ke tsaye a gonakin gero daga Sule Tankarkar har zuwa ƙasar Damagaram. Ɗalibi zai buɗe da tambaya: me ya sa geron da ke gindin gawo ya fi na fili kyau? Sai ya kawo dalilai uku. Na farko, gawo yakan zubar da ganyensa da damina, saɓanin sauran itatuwa, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Na biyu, gawo ɗan dangin wake ne, a saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Na uku, da rani dabbobi sukan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Sai ya rufe da abin da yake so a yi: manomi ya bar tsiron gawo a gonarsa, kada ya sare shi lokacin sharar gona.

Wannan jawabi ba zai wuce minti biyu ba, yana da tambaya guda da dalilai uku da shawara guda, daidai abin da kan mai sauraro zai ɗauka. Idan ɗalibin ya riƙo reshen gawo da 'ya'yansa, idanun aji za su koma kan reshen, hannuwansa kuma su sami abin riƙewa, rawarsu ta ɓuya. Gani ya kori ji. Haka za a iya yi da ciyawar wuta-wuta da ke shanye gero da dawa, ko ajiyar wake, ko shanyar zoɓo da riɗi, ko shingen itatuwa masu tare kwararowar hamada. Makarantar da ba ta da lantarki balle majigi ba ta yi asarar komai ba, domin kwali da alli da abin da aka tsinko a gona sun isa.

Bayan kowane jawabi, aji ya faɗi abu biyu da suka yi kyau da abu ɗaya da za a gyara. Ma'aunin ya zama bayyananne: an ji shi daga baya? Maganarsa tana da farko da tsakiya da ƙarshe? Ya amsa tambaya? Gyaran nahawu ya jira har ya gama, domin katse mai magana yakan watsa ɗan abin da ya riƙe a ka.

Murya da ɗakin karatu

Wani lokaci laifin ba na yaro ba ne, na ɗaki ne. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Maganar yau da kullum takan kai kimanin desibel 60 a nisan mita guda, kuma a fili takan ragu da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka: 54 a mita biyu, 48 a mita huɗu, 42 a mita takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa hayaniyar da ke cikin aji kada ta wuce desibel 35. Ajin da ke bakin hanya, ko mai rufin kwano ba sili lokacin da ruwa ke sauka, ya zarce wannan nesa ba kusa ba. A irin wannan hali gara mai magana ya tsaya kusa da tsakiyar aji, a kuma koya wa sauran yin tsit, domin sauraro rabin darasin ne.

Ɗaga murya ta hanyar matse maƙogwaro yana gajiyar da tantanin maƙwallato, yana jawo dishewa. Ƙarfin murya daga iskar ciki yake fitowa, tare da buɗe baki sosai. Da hunturu, busasshiyar iska da ƙura da garin alli sukan busar da maƙogwaro, don haka shan ruwa kafin magana yana da amfani ga ɗalibi da malami baki ɗaya.

Masu in'ina da 'yan mata

Kimanin yara biyar cikin ɗari sukan yi in'ina a wani lokaci na ƙuruciya, yawancinsu ta bar su, ta zauna wa kimanin mutum ɗaya cikin ɗari har girma, kuma ta fi yawa ga maza. Tana da nasaba da gado da yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin gaɓoɓin furuci. Ba alamar daƙiƙanci ba ce, tsoro kuma ba shi ke haddasa ta ba, ko da yake yana ƙara mata tsanani. Kada malam ya ƙarasa wa mai in'ina kalma, kada ya ce ya yi sauri. An lura cewa in'ina takan ragu ƙwarai idan ana karatu tare da wani baki ɗaya, saboda haka mataki na huɗu, wato fitowa da aboki, ya dace da shi sosai.

Su kuwa 'yan mata, a ajin da aka haɗa maza da mata sukan ja baya su bar wa maza fage. Idan malam yana kiran masu ɗaga hannu kawai, zango zai ƙare wasu ba su ce uffan ba. Bin jerin sunayen rajista yana magance wannan, muddin an sanar da kowa ranarsa tun da wuri. Al'ummar da ke bukatar malamai mata da ma'aikatan jinya mata ba za ta same su daga azuzuwan da 'yan mata suka shekara shida ba su buɗe baki ba.

Rawar da Kwalejin Ilimi za ta taka

A 1963 Dwight Allen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ƙirƙiro wata hanyar horar da malamai: mai koyon malanta ya gabatar da gajeren darasi na 'yan mintoci ga mutane kaɗan, a yi masa gyara, ya sake gabatarwa. Wannan hanya ta shiga manhajar kwalejojin ilimi na Nijeriya, ana bin ta kafin a tura ɗalibai gwajin koyarwa. Idan aka duba da kyau, ita ce dai dabarar hawa-hawa da aka bayyana a sama. Abin da ake bukata shi ne malamin da ya fito daga kwalejin Gumel ya gane cewa hanyar da ta warkar da tasa fargabar za ta yi wa ɗalibansa aiki, ya kai ta makarantun Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Nauyin bai rataya a wuyan malamin Turanci ko na Hausa kaɗai ba. Malamin kimiyya ya fi kowa cancantar ɗaukarsa, tun da shi ne zai iya zana maƙwallato a allo ya nuna wa yaro dalilin rawar muryarsa.

Kammalawa

An ga cewa magana aiki ne na huhu da maƙwallato da baki da ƙwaƙwalwa, kuma fargabar tsayawa gaban jama'a shiri ne na jiki da adiranalin da kotizol ke tafiyarwa, wanda maimaici cikin aminci yake sassautawa. An ga kuma cewa tsangaya da kasuwa da gida sun riga sun aza harsashi, saura makaranta ta ɗora gini: a fara da Hausa, a fara da mutum biyu, a fara da abin da yaro ya sani, a ba shi minti biyu, malam ya yi haƙurin daƙiƙa uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shugabannin makarantu da jami'an ilimi na ƙananan hukumomin huɗu za su iya fara wannan aiki a zango mai zuwa, ta hanyar umartar kowane malami ya ware minti shida a darasinsa, ya kuma riƙa sa alama a rajista gaban sunan duk ɗalibin da ya yi nasa bayanin.